Rumbun Lustre ɗinmu ya cika: in sauya faya-fayai ko in ƙara OST?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗakin bincike a Birnin Kebbi, inda muke tara hotunan tauraron ɗan'adam na fadamun shinkafa, tun daga Argungu har Suru. Lustre muke aiki da shi, wato tsarin da ke haɗa faya-fayai da yawa su zama rumbun ajiya ɗaya: muna da OST huɗu (OST rukunin faya-fayai ne da ke riƙe da bayanan), kowanne faifai 10 masu 8TB a kan RAID6, tsarin da ke kare bayanai idan faifai ya lalace. Jiya da la'asar wata ɗaliba ta shigo idonta jawur, aikinta na kwana uku ya tsaya wai babu fili. Na buga umarnin lfs df -h don ganin filin da ya rage, sai ga OST ɗaya ya cika 99%, sauran ba su kai 85% ba. Kuɗin da aka ba mu kaɗan ne. In riƙa zare faya-fayan ɗaya bayan ɗaya ina sa masu 16TB, ko in sayo sabon akwatin faya-fayai in ƙara OST? Bayanan damina uku ne a ciki, ko barci ban yi ba.

Daga Gusau: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka taɓa tsofaffin nan. Duk faifan da ka zare sai RAID ya sake gina kansa, abin da kan ci yini ko fiye, kuma sau 40 za ka yi. A zafin Afrilu, ga wuta na ɗaukewa? Wallahi ban ba ka shawara ba. Sayo akwatin, ka shirya sabon OST da umarnin mkfs.lustre, ka ba shi lamba 4 tunda daga 0 ake farawa. Ba sai ka tsayar da aikin kowa ba.

Daga Jega: Gaskiya Injiniyan Gusau ya faɗa, amma da sauran rina a kaba. Lustre ba ya kwashe tsofaffin fayiloli da kansa. Idan tazarar fili tsakanin OST ta wuce 17% yakan karkata sababbi zuwa mai sarari, iyakarsa ke nan. Yau ɗin nan ka mayar da max_create_count na OST ɗin da ya cika zuwa 0 a kan MDS (kwamfutar da ke raba fayiloli ga OST) don ya daina karɓar sababbi, sannan ka kwashe manyan fayiloli zuwa sauran OST da umarnin lfs_migrate cikin dare, waɗanda ba a rubutu a kansu.

Daga Yauri: Malam, duba lfs df -i ma, mai nuna yawan fayilolin da za a iya ƙarawa. Idan hotunan ƙanana ne barjat, MDT, inda ake ajiye sunayen fayiloli, na iya cika kafin OST ɗin. Kuma kafin komai, kwafi na damina ukun nan a wani wuri daban.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Na rufe cikakken yanzu, ɗalibar ta sake tayar da aikinta. Yaya na Gusau, sabon OST ɗin in bar shi a kan tsarin fayil na ldiskfs kamar sauran, ko in gwada ɗaya tsarin, wato ZFS?