Jar gansakukar teku: fomalin ko busarwa?

Ummi: Assalamu alaikum. Mako mai zuwa zan fita tattara samfurin jar gansakukar teku, kwana uku kacal gare ni. Nau'o'inta da ake kira Gracilaria da Hypnea nake son tantancewa, daga baya a yi gwajin DNA. In zuba su a fomalin ne, wato sinadarin da ke hana samfuri ruɓewa, ko in matse su a takarda su bushe? Jakata ba za ta ɗauki kwalabe da allunan matsi duka ba.

Malam Sani: Wa'alaikissalam. Ki fita sa'ad da ruwa ya janye, ki ciro su har da gindin da ke manne da dutse.

Ummi: Na gode Malam, amma adanawa nake tambaya.

Dakta Binta: Ƙanwata, ni aka gwada a kaina. Wata biyu ina tattarawa, mai duba aikina ya ce kome a fomalin. Ranar da na buɗe kwalaben, jan nan duk ya koɗe kamar tsohon tsumma. Aka nemi rbcL, wato sashen DNA da ake tantance nau'i da shi, ko ɗaya bai fito ba, fomalin ya lalata DNA ɗin. Shekara ta tafi a banza, shi ko a jikinsa. Har yau abin na cina. Ki yanki ɗan reshe mai tsabta ki sa a silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, sauran ki baje a takarda cikin farantin ruwan teku. Ruwan famfo yana fasa ƙwayoyin wasunsu.

Malam Sani: Dakta, a yi wa fomalin adalci. Kashi 4 zuwa 5 cikin ruwan teku, ya fi riƙe siffa in za a yanka a duba a maikiroskof. Gracilaria ba a raba nau'o'inta da ido, sai an ga sassan haihuwarta.

Habu: Silika jel ai araha ne.

Dakta Binta: Wanda na saya, mai sauya launi, da tsada na same shi.

Habu: In sun yi miki yawa, Anti Ummi, ki tafasa mana aga, jel ɗin nan da ake samu daga gansakukar, na ɗakin gwajinmu ya ƙare!

Dakta Binta: Malam, yaushe rabonka da bakin teku?

Malam Sani: Samfuran da na adana sun girmi digirinki. Ni abin da ke ƙona min rai ma sauya sunaye ne. A 2011 aka kwashe yawancin jar gansakukar da ake kira Porphyra aka mayar Pyropia, sai da na sake rubuta takardun durowa guda da hannu.

Habu: Rukunin Polysiphonia ma an tarwatsa shi zuwa wasu sunaye. Kullum sai mutum ya leƙa AlgaeBase, shafin intanet na sunayen gansakuka.

Ummi: To jama'a, kwalaben in bar su ne?