Zagayen filayen yaƙin basasar Amurka da mota, kwana huɗu zai isa?

Bakanon Baltimore:
Salam 'yan uwa. Na samu hutun kwana huɗu a watan gobe, ina so in kwashi maiɗakina da yara biyu mu zaga wuraren da aka gwabza yaƙin basasar ƙasar nan, na 1861 zuwa 1865. Babban yarona ne ya ishe ni, tunda aka koya musu a makaranta bashi da zance sai Gettysburg. A raina har Fort Sumter nake so mu je tunda can aka fara harbi, mu dawo ta Appomattox inda aka ƙare. Wanda ya taɓa yi dan Allah ya bani shawara, zai yiwu ko dai zari na yi?

Kawu Direba:
Wa'alaikumus salam. Malam zari kam ka yi. Fort Sumter fa a Charleston yake, South Carolina, daga Baltimore kusan wuni guda kana tuƙi, kuma tsibiri ne sai ka hau jirgin ruwa, da yara a bayan mota wallahi kafin ku isa kowa ya tsani tarihin. Ka bar shi sai wani hutun. Ka fara da Gettysburg tunda kusa ne, bai kai awa biyu ba, ka bashi wuni cur. Kwana uku aka yi ana fafatawa a wurin, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, matattu da masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen dubu 50. Shiga filin kyauta ne, gidan tarihin ne ake biya. In aljihu da nauyi ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi, motarka zai shiga ya zagaya da ku yana bayani, in ba haka ba duwatsu da igwa kawai zaka yi ta gani. Washegari Antietam da Harpers Ferry, kusa suke da juna. Sannan ka gangara Virginia, amma ka kiyayi babbar hanyar I-95 wajen Fredericksburg da yamma, cunkoson wurin ya fi na Kano ranar jajibirin sallah.

Maman Hanifa:
Mu mun je bara, ni dai Antietam ya fi taɓa min zuciya. Gettysburg ya cika da masu yawon buɗe ido da shagunan tsaraba, shi kuwa can shiru, gonaki ne kawai kamar ba a taɓa komai ba, alhali rana ɗaya tal, 17 ga Satumba 1862, mutum kusan dubu 23 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. Akwai wata 'yar hanya mai kwari da suke kira Bloody Lane, da na tsaya a ciki sai da tsigar jikina ta tashi. Bayan wannan yaƙin ne da kwana biyar shugaban ƙasa Lincoln ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayi. Yaya ku yi guzuri a kula, halal na wuya a ƙauyukan nan, mu dambun nama ne ya cece mu. Ku duba jikin yara da dare saboda kaska a ciyawa. Kuma kar su tsinci komai su sa a aljihu, laifi ne.

Ɗan Yerwa:
Ka faɗa wa yaronka har ɗan Borno ya yi yaƙin nan. Nicholas Said, haifaffen Kukawa, an kama shi bawa yana yaro, ya bi ta Tarabulus da Istanbul da Rasha kafin ya iso Amurka, a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts, ta baƙar fata. Sojoji baƙaƙe kusan dubu 180 ne suka yi yaƙi a ɓangaren jihohin Arewa, wato na gwamnatin tarayya. Appomattox kuma kar ka cire shi ko da nisa. Gidan da Janar Lee na 'yan awaren Kudu ya miƙa wuya ga Janar Grant na Arewa ranar 9 ga Afrilu 1865 na wani Wilmer McLean ne, mutumin da ya bar Manassas bayan an yi yaƙi a gonarsa, ya koma can dan ya samu lafiya, sai ga janar-janar a falonsa.

Bakanon Baltimore:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu na haƙura da Charleston. Ɗan Yerwa na karanta wa yaron labarin Said, yanzu kuma cewa yake sai an kai shi Kukawa.