Dangi na cewa a ɗaure, bita ta ce a daina: ya za mu yi a aikin dare?

Mai tambaya, nas a ɗakin maza:
Assalamu alaikum ƴan uwa, shawara nake nema. Nas biyu ne ke kwana a ɗakinmu, gadaje kuwa a cike. An yi mana bita kan haƙƙin masu taɓin hankali, aka ce a daina ɗaure su a gado, allura ma sai an nemi yardarsu. Abokan aiki na cewa tsarin Turawa ne masu ma'aikata jingim, mu nan dangi ne ma ke roƙon a ɗaure. Kowa a tsorace yake, wasu har sun fara neman canjin wuri. Ina mafita?

Likitan ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam Sista. Maganar ta wuce ta Turawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma taƙaita ɗauri da killacewa. Kafin a kai ga igiya, a duba me ya tayar da mutumin: zazzaɓi, faɗuwar sukari, ko yankewar giya da ƙwaya ga wanda ya saba. Sai illar maganinmu, wadda aka fi mantawa. Haloperidol, maganin taɓin hankali da muke bayarwa, kan hana mutum zama wuri ɗaya, ya yi ta kai-komo, a zaci ciwon ne ya ƙaru, a ƙara allura, abu ya daɗa dagulewa. Wani kuma wuyansa ya murɗe, ido ya kafe sama, harshe ya zazzago, dangi su ce aljanu ne. Wannan maganin warware illar, benzhexol ko promethazine, yake buƙata, a kira likita nan take.

Tsohuwar metiron:
Ƙanwata, mutum biyu ba sa kama ƙato mai fushi, a nan ake karya haƙarƙari, nasa ko naki. Ƙa'ida mutum biyar ce: ɗaya a kowane hannu da ƙafa, ɗaya a kai yana lura da numfashi. In ba ku kai ba, ku janye sauran marasa lafiya, ku kira taimako. Kafin nan mutum ɗaya ne zai yi magana, murya ƙasa, a ba shi tazara, ƙofa na kusa da ke, a kori ƴan kallo. A kira shi da sunansa, a yi masa tayin ruwa da maganin sha kafin allura. In ɗaurin ya zama dole, da umarnin likita, da ƙyalle mai laushi, ban da sarƙa ko igiya. Kada a kwantar da shi rub da ciki, kada a danne ƙirji ko wuya. Duk minti 15 a duba numfashi, bugun jini da ɗumin yatsu, a rubuta. Da ya natsu a kwance shi, ba sai gari ya waye ba.

Ma'aikacin walwala:
Kan dangi, a nan ne bambancin al'adar yake da gaske. A Italiya dokar 1978 ta sa aka rufe manyan gidajen mahaukata, magana ta koma hannun marar lafiya. A nan kuwa kawu ne ke sa hannu, shi ke biyan kuɗin magani, shi zai mayar da shi gida. Ba a korar dangi. Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya gina tsarin jinya na ƙauyen Aro a Abekuta tun 1954 a kan zaman dangi tare da marar lafiya. Amma sa hannun kawu bai hana a yi wa mai ciwon bayani a tambaye shi ba. Sirri ma haka: masu binciken aure kan zo tambaya, ba a buɗe musu fayil. Ruƙiya kuma a bar malam ya yi, da sharaɗin babu duka, babu hayaƙi, ba a tsayar da magani.

Nas daga Tamale:
Mu a Gana dokarmu ta 2012 ce, horon QualityRights na Hukumar Lafiya ta Duniya kan haƙƙin masu taɓin hankali kuma ya bazu tun 2019. Bita kaɗai ba ta sauya ɗaki, Sista. Nas mai jeren kwanan aiki, wadda aka mara ba wanda ya ce mata sannu, ita ce ke saurin miƙa hannu ga igiya. Ku buɗe littafi: kowane tashin hankali da lokacinsa, mutum nawa ke bakin aiki, wa ya ji rauni. Washegari a zauna minti goma a tattauna ba tare da neman mai laifi ba, wanda aka buga a duba shi a ba shi hutu.

Tsohuwar metiron:
Littafin nan shi za ku kai wa shugabar nas-nas, ta hannun ƙungiyarku in ta kama. Ku nemi abu uku a rubuce: ƙarin mutum na dare, waya ko ƙararrawa mai aiki, da mai gadi da aka koya wa riƙon marar lafiya.