Tumbin haihuwa: wa ta san inda ake zuƙe kitse?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum matan zaure. Don Allah wa ta san aikin nan da likitoci ke zuƙe kitsen ciki? Tun haihuwar auta tumbina ya ƙi komawa, ga bikin ƙanwata bayan Babbar Sallah. A ina ake yi, kuma nawa ne?

Amaryar Jega: Wa alaikumus salam. Ni ma na kasa kunne.

Hajiyar Kayan Mata: Mi ya kai ki ga wuƙa ƙanwata? Ina da shayin rage tumbi, ki yi mani magana ta gefe.

Uwar Zaure: Hajiya, talla sai Juma'a. An sha faɗa.

Umman Sadiq: Maman Ihsan, ni an yi mani, ki ji daga bakin wadda ta kwanta. A Instagram na ga wurin, can Legas, hotunansu gwanin sha'awa. Ba wanda ya tambaye ni hawan jini ko siga, kuɗi kawai anka karɓa. Ƙananan kafofi suke hudawa, su ɗura ruwan magani, sannan su tura siririn bututun ƙarfe ƙarƙashin fata suna zuƙo kitsen. Washegari anka sallame ni. Ruwa mai jini-jini yana ta tsiyaya, sunka ce dama haka yake yi, kuma wannan kam gaskiya ne. Amma da na dawo Birnin Kebbi gefe guda ya kumbura ya ɗau zafi, zazzaɓi ya rufe ni. Na kira lambarsu har na gaji, ba a ɗauka. Nan gida wani likita ya tsaga wurin ya kwashe mugunya, Allah Ya saka mashi. Ga rigar matsi da ake sa wa dare da rana har makonni, cikin zafin Afrilu na garin nan, ba sai na gaya maku ba. Cikin ya ragu, ba zan ɓoye ba, sai dai fatar ta yi gargada, ƙasan cibiya kuma har yau ba na ji in na taɓa. Abin da ya fi ci mani rai, fatar da haihuwa ta saki tana nan, ta ma ƙara zubowa. Don ita na je, kuma ba wanda ya ce mani aikin ba ya gyara ta.

Maman Ihsan: Innalillahi. Sannu Umman Sadiq, wallahi ban sani ba.

Amaryar Jega: Ashe lokacin da anka ce kina jinyar shawara wagga ce?

Umman Sadiq: Ita ce.

Anti Nas: Yanzu na sauko daga aiki. Maman Ihsan, kafin ki nemi wuri, san wane irin tumbi gare ki. Kitsen da za ki iya damƙa da hannu, na ƙarƙashin fata, shi kaɗai bututun ke kaiwa. Wanda ke can ciki zagaye da hanji ba a taɓa shi. Mai haihuwa da yawa kuwa sau tari naman bangon cikinta ne ya buɗe tsakiya, fata ta saki. Wannan wata tiyata ce daban, babba, da ake yanke fata a ɗinke naman, kuma an fi so sai mace ta gama haihuwa. Sannan aikin ba maganin ƙiba ba ne. In abin da aka zuƙe ya haura lita 5 an shiga babban haɗari, dole a kwantar da mutum ana sa mashi ido. Batun biki kuwa ki cire shi, kumburi kan kai wata 3 zuwa 6 kafin jiki ya daidaita.

Hajiya Babba: Yaran yanzu ba ku tuna matar Obasanjo ba? Stella. Oktoban 2005 ta rasu a Sifaniya bayan irin wanga aiki, mijinta na kan mulki. Kuɗi ne babu ko asibiti?

Anti Nas: Haka ne Hajiya. Bututun ne ya huda mata hanji, a 2009 kotu a can ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya. Ban da wannan akwai daskarewar jini a jijiya, ko kitse ya bi jini ya toshe huhu. Ba kowa ke samun matsala ba, amma wadda ta dage ta fara ganin ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki a asibitin koyarwa, ga na Danfodiyo a Sakkwato kusa da mu. Ta tabbatar yana da rajista da MDCN, wato hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, akwai likitan sa barci, kuma in wani abu ya taso bayan sati za ta same shi ido da ido.

Malama: Ni tambayata, ya halatta? Ina jin tsoron canza halitta.

Maman Ihsan: Malama ai ba hanci zan sake ba, jikina nake son ya koma yadda yake.

Malama: Ban yanke hukunci ba ƴar'uwa, cewa na yi a tambayi malamai kafin a kai ga gadon tiyata.

Uwar Zaure: A bar wannan nan, kar a maimaita ta rannan.

Amaryar Jega: Anti Nas, to tumbin Alhaji fa? A zuƙe mani shi in huta da faɗaɗa riguna wajen tela.

Anti Nas: In ya yi tauri, na ciki ne. Sai rage tuwon shinkafar dare da lemun kwalba, ya riƙa takawa da ƙafa bayan Asuba, a kuma auna mashi siga.

Hajiya Babba: Mu da zane munka ɗaure ciki cikin jego, ɗiya takwas, ba mu san wata wuƙa ba.

Umman Sadiq: Hajiya kun yi daka kun yi surfe, mu injin muke kaiwa. Anti Nas, kitsen da anka cire yana dawowa? Na ga bayana da hannuwana sun ƙara cika.

Anti Nas: Wanda aka cire ya tafi, amma in nauyi ya ƙaru sauran jiki ne ke ɗauka. Ki shigo in duba ki ranar Talata.

Hajiyar Kayan Mata: Shayina dai bai taɓa huda hanjin kowa ba.

Anti Nas: Gudawa yake sa wa Hajiya, ruwan jiki ke fita, kitse na nan.

Hajiyar Kayan Mata: Allah Ya isa tsakanina da mai ɓata mani sana'a.

Uwar Zaure: Ya isa haka ku biyun.

Amaryar Jega: Maman Ihsan, ankon bikin atamfa ce ko leshi? Ki turo hoto tun kuɗin adashe bai ƙare ba.

Maman Ihsan: Leshi ne, bari amarya ta turo mani in sa a nan.