Ƙofar garejina ta ƙi rufuwa tun shigowar hunturu

Alhaji daga Gwarinpa:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tun da hazon hunturu ya sauka, ƙofar garejina mai aiki da lantarki takan fara sauka sai ta koma sama. Wani ya ce in cire na'urorin da ke gindinta. Me kuke gani?

Injiniya daga Kubwa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka cire su, domin su ke hana ƙofar danne yaro, kuma a Amurka tun 1993 aka wajabta irin wannan kariya. Ɗaya tana aika hasken da ido ba ya gani, ɗayar tana karɓa, don haka ƙura kaɗan a kan gilashinsu ta isa ta yanke shi, kuma da zarar hasken ya yanke sai ƙofar ta koma sama. Ka goge su da busasshen ƙyalle mai laushi, sannan ka duba fitilunsu. Idan ɗaya tana ƙyaftawa, sun daina kallon juna ne, sai a daidaita su, kuma kada su wuce santimita 15 daga ƙasa.

Hajiya daga Lugbe:
Alhaji, hasken rana da la'asar ma yakan rikita su. Bayan gyaran, ka ajiye kwali tsakaninsu ka danna maɓallin, bai kamata ƙofar ta sauka ba.