Muhawara: Shin Musulmi na da rabo a tapas ɗin Granada?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'a. Ni da maigidana za mu je Granada ta ƙasar Sifaniya wata mai zuwa, ziyarar Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na garin. Na ji an ce a garin idan ka sayi abin sha sai a haɗo maka da ɗan faranti na abinci ba ka biya ba, shi ne tapas. Alhaji Ɗanlami kuma ya ce min in cire raina, Musulmi ba shi da rabo a ciki. Don Allah waɗanda suka san garin, haka abin yake?

Alhaji Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ni na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Hajiya, wuraren da ake ba da tapas ɗin nan mashaya ce. Kina shiga abin da zai fara tarar idonki cinyoyin alade ne rataye a saman kanta, jere reras, kitse na ɗiga cikin wasu 'yan mazurari da suke soka musu a ƙasa. Duk Tarayyar Turai babu ƙasar da ta kai Sifaniya samar da naman alade. Sannan a Granada ba ke za ki zaɓi abin da za a kawo miki ba, mai wurin ne yake zaɓa. To ina dalilin jefa kai cikin shubuha? Ku bi titin Elvira da Calderería Nueva, ga 'yan Maroko da 'yan Siriya nan, ga shawarma, ga tajin, ga kuskus, ga shayin na'ana'a. Ku ci ku ƙoshi hankali kwance.

Nafi'u: Ranka ya daɗe Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, amma hukuncin da ka yanke ya yi faɗi. Karatu nake a Jami'ar Granada, kuma ɗalibai Musulmi muna da yawa, musamman 'yan Maroko. Da farko dai tapas ba sai da giya ake bayarwa ba. A mafi yawan wurare idan ka ce a ba ka lemun kwalba za a kawo maka da farantinka daidai da na kowa. Akwai kuma mosto, ruwan inabi ne da bai zama giya ba, shi ma yana zuwa da tapas. Kuɗin bai cika wuce yuro uku ba. Na biyu, zancen ba a zaɓa ya danganta da wuri. Tsofaffin wurare suna da tsarinsu, zagaye na farko da abincinsa, na biyu da nasa, za ka ji mai hidima yana ɗaga murya zuwa kicin yana cewa primera ko segunda. Amma ko a can idan ka faɗa tun kafin a kawo cewa ba ka cin alade, sai su canja maka. Wasu wuraren kuma allo ne a bango, ka duba ka zaɓa.

Issoufou na Damagaram: Ni a Almería nake aiki, gonakin tumatir na cikin leda. Nan ma ana ba da tapas tare da abin sha, kuma a nan kusan ko'ina kai ke zaɓa daga jeri. Sai dai Nafi'u, ka ƙara wa Hajiya bayani kan mosto. A wajen Cádiz da Sevilla akwai abin da suke kira da wannan suna alhali sabuwar giya ce mai bugarwa. Ta tambaya kafin ta sha. Giyarsu da aka rubuta wa sin, wato wai babu barasa, ita ma tana iya ɗauke da ɗan burbushin barasa, ni ko kusa da ita ba na zuwa.

Hajiya Bilki: Ni abin da ya dame ni da maganar Alhaji shi ne, mutum ya ƙetare hamada da teku ya je Andalus, ya dawo bai ci komai ba sai shawarmar da zai samu a Zoo Road. Abincin mutane ai wani ɓangare ne na sanin su. Kuma da yawa daga girkin yankin nan babu alade a asalinsa. Akwai berenjenas con miel: babban yalo baƙi ake yankawa falle-falle, a turmusa a fulawa, a soya a man zaitun har ya yi ƙarau, sannan a zuba masa baƙin maɗin rake a kai. Ana ɗauka da yatsu yana turiri, gishiri da zaƙi suna haɗuwa a baki. Akwai remojón, lemun zaƙi ne da kifin gishiri da albasa da baƙin zaitun da dafaffen ƙwai. Akwai tortilla, wainar ƙwai mai kauri da dankalin Turawa. Akwai ƙananan kifi boquerones, ko soyayyu ko waɗanda aka jiƙa a ruwan khal da tafarnuwa. Wanne ne haram a nan, Alhaji?

Alhaji Ɗanlami: Hajiya Bilki, a wane mai aka soya yalon? Ki amsa min wannan kawai. Kaskon suya ɗaya ne a yawancin ƙananan wuraren nan. A nan ake tsoma croquetas, waɗanda cikinsu yankakken jamón ne, wato naman cinyar aladen nan da ake ratayewa, a nan ake tsoma yalonki da kifinki.

Hajiya Bilki: Wannan kam ka kama ni a hannu, tambaya ce mai nauyi. Shi ya sa ni nake zaɓar wuraren da sana'arsu kifi ce. A titin Navas akwai Los Diamantes, tun 1942 suke soya kifi, kuma abin teku ne ginshiƙin cinikinsu. Tekun bai da nisa, daga Motril ake kawo kaya, tafiyar kamar awa guda a mota. Duk da haka ina tambaya. Idan amsar ba ta gamsar da ni ba sai in koma abin da aka gasa a farantin ƙarfe ko wanda ba ya ganin wuta, kamar zaitun da salak.

Malam Habu: Bari in sa baki, don maganar ta rabu gida biyu kuma ana cakuɗa su. Akwai hukuncin abincin, akwai hukuncin wurin. A kan abincin, abin da ya fito daga teku halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya, kifi ne ko jatan lande ko waninsu, ba ya buƙatar yanka. Kayan lambu da ƙwai da cuku ma babu magana idan ba a gauraya su da haram ba. Amma wurin fa? Hadisi ya zo a Tirmizi cewa wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a kan teburin da ake zagayawa da giya. Wasu malamai sun ce teburin da kake zaune a kai ake nufi, don haka idan naka babu giya ba ka shiga ciki ba. Wasu sun ce duk wurin da aka kafa don shan giya a nisance shi matuƙar akwai wani. A Granada kuwa akwai wani, Alhaji ya ambata. Ni a nan na fi karkata.

Nafi'u: Allah ya gafarta Malam, ina girmama wannan fahimta. Abin da zan ƙara kawai shi ne bayanin yadda wuraren suke, don hukunci ya sauka a kan abin da yake. Mafi yawansu da safe kofi suke sayarwa da gasasshen burodi da aka shafa wa tumatir da man zaitun. Da rana ma'aikata ke cin abinci. Da yamma za ka ga tsohuwa da jikokinta, ga keken jariri an jingine a bakin ƙofa. Ana shan giya, ban musa ba, amma haka ake sha a kowane gidan abinci na ƙasar da ɗakin cin abinci na otal ɗin da Hajiya za ta sauka. Kuma da yawa suna da tebura a waje, a filin unguwa, inda kai da iyalinka ne kaɗai a teburinku.

Malam Habu: Na ji, kuma bayanin yana da amfani. Teburin waje ya fi sauƙi a wurina fiye da tsayuwa a kanta kafaɗa da kafaɗa da mai kofin giya. Amma ban janye ba cewa barin ya fi.

Issoufou na Damagaram: Ni gargaɗina a kan aladen da ba ya nuna kansa ne. Wanda ke rataye ai kowa ya gan shi. Wata rana a wani wuri na ce wa mai hidima ba na cin nama, ya ce to, ya kawo min salmorejo, wato markaɗaɗɗen tumatir da burodi mai sanyi, an barbaɗa masa jamón a sama. Da na yi magana sai ya yi mamaki da gaske, a wurinsa wannan ado ne, ba nama ba ne. Ba mugunta ya yi min ba. Tun daga nan nake lissafa musu ɗaya bayan ɗaya: cerdo, jamón, chorizo, panceta, manteca. Na ƙarshen kitsen alade ne, yana shiga har cikin kayan zaƙi irin su mantecados da polvorones da ake yi lokacin Kirsimeti. Miyar wake da ta adas galibi da chorizo, wato tsiran alade, ake dafa su, ko da an tsame shi daga farantinka. Abin da ake kira carne en salsa, wanda ake yawan bayarwa kyauta a Granada, yawanci alade ne. Habas ɗinsu, wani nau'in wake, da jamón suke tafiya. Plato alpujarreño kuwa, farantin da ke cike da kayan alade, kada ma a tambaya.

Hajiya Bilki: A ƙara da girkin da ake zuba wa giya. Wutsiyar sa da jar giya ake dafa ta, almejas kuma, wasu halittun teku masu ɓawo, sau da yawa da farar giya.

Nafi'u: Haka ne. Kuma kada Hajiya ta dogara da 'yan alamomin da ke jikin takardar abinci. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta tilasta bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa da madara da ƙwai da alkama. Alade ba ya cikinsu. Baki ne zai yi aiki.

Alhaji Ɗanlami: To kun gani? Ku da kanku kun jero tarkuna sun fi goma. Baƙuwar da ba ta jin yaren, ga hayaniya, ga mai hidima yana gudu da faranti biyar a hannu, yaushe za ta tsaya wannan bincike? Kai Nafi'u kana jin Sifaniyanci, ka san wurare. Shawarar da ta dace da mazaunin gari ba lallai ta dace da mai kwana uku ba. Kuma abin kyautar nan da ake ta zuzutawa ai gyara ce, an riga an lissafa kuɗinta a cikin abin shan.

Malam Habu: Akwai abin da nake so 'yan'uwa su riƙe game da garin nan. Granada ce daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, an miƙa ta a watan Janairun 1492. Bayan 'yan shekaru aka tilasta wa Musulmin garin karɓar Kiristanci, kuma a zamanin kotunan binciken aƙida ƙin cin alade na daga cikin abin da ake kafa hujja da shi a kan mutum cewa yana ɓoye Musulunci ko Yahudanci. Daga 1609 aka kori sauran zuriyarsu daga ƙasar. Yau a unguwar Albaicín akwai babban masallaci da aka buɗe a 2003, daga lambunsa kana kallon Alhambra tsaf. Mutum ya tsaya a garin nan ya ce ba ya cin alade, a ce masa to, a kawo masa kifi, ni wannan yana taɓa min zuciya. Wanda zai shiga ya ci, ya faɗa a fili ba tare da jin kunya ba.

Maman Ihsan: Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Maigidana ya fi karkata ga maganar Alhaji da Malam. Ni kuma gaskiya yalon nan da Hajiya Bilki ta siffanta ya tsaya min a rai. Babu inda za a same shi a wurin da ba a sayar da giya?

Nafi'u: Ana samu, Hajiya. A kewayen Elvira da Plaza Nueva akwai gidajen abinci na Musulmi da ke haɗa girkin Maroko da na Andalus, wasu har da paella, dafa-dukar shinkafarsu. Ku duba ko suna da shaidar Instituto Halal, cibiyar da ke Córdoba, ko ku tambayi mutanen masallaci bayan salla, su suka fi kowa sanin wanda yankansa ya inganta. Sai dai ba duk wanda ya rubuta halal a ƙofa ne ba ya sayar da giya ba, a leƙa firjinsa. Wajen gane wurin kirki kuma, ku guji wanda aka tsayar da mutum a ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci da harsuna biyar. Ku bi inda 'yan gari suka cika.

Hajiya Bilki: Ki kuma shiga kasuwar San Agustín kusa da babban coci da safe, ki ga kifin da idonki, ki sayi zaitun da 'ya'yan itace ku tafi da su masauki.

Alhaji Ɗanlami: Wannan na yarda da shi. Wurin Musulmi da kasuwa ba ni da ja. Kanta mai cinyoyi a sama ce dai har gobe ba zan ba iyalina shawarar shiga ba.

Issoufou na Damagaram: Hajiya, ku kula da lokaci kuma, don yana ba baƙi wahala. Abincin rana daga ƙarfe biyu ne zuwa huɗu, kuma a lokacin ake samun menú del día, faranti biyu da kayan zaƙi da abin sha a kuɗi ɗaya, ya fi araha a ranakun aiki. Bayan huɗu kicin da yawa suna rufewa sai takwas ko takwas da rabi, 'yan gari kuma ba sa cin na dare sai tara ta wuce. Masu shawarmar Elvira ne ke buɗe a tsakanin.

Maman Ihsan: To tikitin Alhambra fa, a ƙofa ake saya?

Nafi'u: A'a, ku saya ta intanet tun yanzu, yana ƙarewa makonni kafin ranar. Akwai lokacin shiga fadojin sarakunan Banu Nasr da ke cikin Alhambra a rubuce a jikin tikitin, idan ya wuce ba za a bar ku ba, kuma ku riƙe fasfo ɗinku don ana dubawa. Ku zaɓi na safe, ku sauko gari daidai ƙarfe biyu lokacin da aka fara zuba abinci.