Neman shawara: na sayi tsohuwar Land Cruiser 80, da me zan fara kafin damina?

Mai tambaya, Marwa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi kat-kat (mota mai ja da tayoyi huɗu) Land Cruiser 80 ƙirar 1994 a hannu, inji 1HZ mai gazuwal, giyar hannu, irin wadda ake kulle tayoyin gaba da hannu. Agogon tafiyarta na nuna kilomita 380,000. Aikinta ɗaukar kaya da mutane tsakanin Marwa, Maga da ƙauyukan bakin kogin Logon a arewacin Kamaru, har cikin damina. Wani abokina ya ce in ɗaga ta inci 4, in sa taya mai inci 35, in ɗora mata turbo don ta yi ƙarfi. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki komai ba. Don Allah masana, me ya kamata in yi, me zan bari?

Bakanike, Garwa

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Ka dace da mota, amma kada ka sayi ko kusa ɗaya ta kwalliya sai ka gama da abin da zai iya kwantar da ita a daji.

Na farko bel ɗin taimin. A 1HZ ana sauya shi duk kilomita 100,000, kuma ba ka san ranar da mai ita na da ya sauya ba. Kada ka yarda da fitilar T-BELT, kashe ta ake yi da hannu. Idan bel ɗin ya tsinke inji na gudu, bawul da fistan za su yi karo, kuɗin gyaran ya ninka na bel sau da yawa. Ka sauya shi tare da tansha mai ɗame shi, kuma tunda an buɗe wurin a sa sabon famfon ruwa.

Na biyu sanyaya inji, wanda shi ne rayuwar wannan mota a zafinmu na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. A sauke lagireto a wanke shi ciki da waje, domin ƙaiƙayi da busasshiyar laka kan toshe saƙarsa ba tare da an gani daga gaba ba. A sauya murfinsa da duk tiyon da ya yi laushi ko ya kumbura. Sai fanka: idan inji ya yi zafi ka kashe shi, ka juya ta da hannu. In ta yi ta juyawa kamar ba abin da ya riƙe ta, man silikon da ke cikin kanta ya ƙare, a cika ko a sauya. Akwai masu cire tamostat wai don mota ta daina zafi. Kada ka bari a yi maka haka, domin ita ce ke toshe gajeriyar hanyar ruwa ta tilasta masa bi ta lagireto.

Juye kuma duk kilomita 5,000, mai 15W-40, wajen lita 10 har da filta.

Turbo kuwa, ka manta da shi. Fistan ɗin 1HZ ba a yi su don wannan matsi da zafi ba, ba kamar na 1HD-T da ya fito da turbo daga kamfani ba. A injin da ya ci 380,000, ƙarshen abin tsagewar fistan ko kan inji. Idan ka ji ba ta ja, a fara da gwada nozul, a daidaita famfon gazuwal da tazarar bawul. Sau da yawa ƙarfin da ake nema a nan ya ɓuya.

Mai gyaran ƙarƙashin mota, Injamena

Malam na Garwa ya gama magana kan inji. Ni ka shiga ƙarƙashi da tocila, ka duba ƙwallon ƙarfen nan da ke bayan kowace tayar gaba. In ka ga maiƙo kaɗan, lafiya. In ka ga abu mai ruwa-ruwa kamar kunu yana tsiyaya, sil ɗin cikin aksul ya mutu, man difaransiyal ya haɗu da giris, kuma birfil, wato gaɓar da ke cikin ƙwallon mai kai ƙarfi ga taya, na cin kansa. Alamar ya riga ya ci ita ce ƙas-ƙas idan ka karya kan mota gaba ɗaya cikin kat-kat. A kwance ɓangarorin biyu rana ɗaya, a sa sababbin sil da boris, a cika da giris baƙi mai moli, kada a sa ja na gama-gari.

Zancen ɗagawa: inci 2, wato santimita 5, ya wadatar, da sababbin sifirin masu ɗaukar nauyi da shokozoba huɗu da suka dace da tsayin. Ko a hakan ma sai an yi abu biyu. Ɗagawa na rage kwanciyar aksul na gaba, sai mota ta riƙa yawo a kan kwalta, sitiyari ba ya komawa da kansa. Maganinsa bushin gyaran kasta, wato wannan kwanciyar ta aksul. Sannan akwai bawul a baya mai auna nauyi yana raba birki. In an ɗaga mota ba a daidaita sandarsa ba, zai ɗauka mota ba kaya, ya rage birkin baya alhali ka cika ta maƙil. Inci 4 kuwa zai ja maka sauya sandunan da ke riƙe aksul a tsakiya, tiyon birki masu tsawo, ga karkarwar shaf, ga saurin kifewa a gefen dik (tudun tare ruwa) da ya zaizaye.

Taya 35 ta fi ƙarfin inji mai doki kusan 130 a motar da ta haura tan 2 ba kaya. Za ka ƙone kuloci, birki ya ragu, birfil ya karye. Ka tsaya a 7.50R16 ko 235/85R16, su ake samu ko'ina daga Marwa har Abeshe.

Direba, Yagwa

Na yarda da girman tayar, amma zanen ma abin dubawa ne, yallaɓai. Ƙasar karal ta wannan yankin baƙar laka ce mai danƙo, da ruwa ya taɓa ta sai ta cike zanen taya ta mayar da ita sumul kamar sabulu. Taya mai manyan haƙora da tazara ce ke kakkaɓe kanta. A laka ka kulle tayoyin gaba tun kana kan busasshe, ka shiga L4 (kat-kat mai ƙarfi a hankali) giya ta 2 ko ta 3, kada ka taɓa kuloci a tsakiya. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya ka ɗaga ƙafa nan take, ƙara wuta rami kawai yake haƙa maka. A yashin mayo (busasshen kogi) kuma ka sauke iskar taya zuwa 1.2 ko 1.5 a ma'aunin bar, ka mayar da ita da ka hau tsandauri, don haka famfon iska na batir dole ne. Kuma da ka hau kwalta ka koma H2 (jan tayoyin baya kaɗai), in ba haka ba giyar tsakiya za ta ɗaure.

Kada ka yi gaggawar sayen winci, injin da ke jawo mota da igiya, a fadamar Logon sai ka yi nisa ba itacen ɗaurawa. Shebur, faranti biyu na ƙarfe, katako mai faɗi na ƙarƙashin jak, da igiyar ja mai ƙarfin tan 8 sun fi shi amfani. Igiyar a maƙala ta a ƙugiyar da ke jikin shasi. Kan ƙwallon jan tirela ba a ɗaura ta, in ya ɓalle fitowa yake kamar harsashi.

Mai sayar da kayan gyara, Kuseri

Abu biyu masu arha da aka tsallake. Difaransiyal na da ɗan hancin shan iska a samansa. Idan ƙarfe ya yi zafi ka faɗa ruwa, sai ya zuƙo ruwan ciki. A ja masa siririn tiyo zuwa saman ɗakin inji, gaba da baya. Bayan kowane ƙetare mai zurfi ka buɗe ka duba, in man ya koma fari kamar nono a zubar a sa 80W-90.

Sai gazuwal na jarka da ake saya a ƙauye, wanda ba ya rasa ruwa da ƙasa. Ka ƙara filta mai kwalba kafin ta asali, ka riƙa tsiyaye ruwan, kuma ka ajiye filta biyu a mota.

Mai tambaya, Marwa

Allah ya saka da alheri, na fasa turbo da manyan tayoyi. Saura bututun iska na sama da karaga a rufi, in sa?

Bakanike, Garwa

Bututun ka sa, ko don ƙurar hunturu. Bayan an ɗaura, ka bar inji a silo ka rufe bakinsa da katako: in bai mutu ba, akwai inda yake shan iska, kuma ta nan ruwa zai shiga, a sake liƙewa. Karaga kuma ta katifa da kaya marasa nauyi ce, kada ta wuce kilo 100. Jarka mai lita 20 kusan kilo 20 ce in an cika ta, su da buhuna wurinsu ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure.